Gyare da Tsanya: Nazari a kan Ire-iren Ƙananan Tsanyar Ƙasa a Yankin Gusau, Tsafe da Bunguɗu

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kwana a ƙauyukan da ke bin gaɓar Gulbin Sakkwato tsakanin Gusau da Bunguɗu a tsakiyar damina, ya san cewa dare a can ba ya yin tsit. Da zarar an idar da sallar isha'i, kwaɗi za su ɗauka. Idan mutum ya kasa kunne sosai, a ƙarƙashin hayaniyar kwaɗin zai ji wani siririn sauti mai tsawo wanda ba ya yankewa, yana fitowa daga cikin ciyawar bakin fadama. Tambayi manomin wurin ko mene ne, zai ce maka tsanya ce. Koma jigawa wajen Tsafe a farkon damina, ka ji wani kuka mai ƙarfi da ke cika kunne daga bakin wani rami, ka sake tambaya, za a ce maka gyare ne. Shiga ɗakin girki a Tudun Wadar Gusau, ka ji wani kukan daga bayan randa, nan ma tsanya za a ce maka.

Sunaye biyu ke nan, alhali kuwa halittun da ke ƙarƙashinsu sun wuce biyu nesa ba kusa ba. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa abin da Bahaushe ya tara a cikin kalmar tsanya ya haɗa da wasu ƙananan ƙwari na ƙasa waɗanda masana kimiyyar ƙwari suka ware su daban, har suka fitar da su daga dangin gyare ɗungurungum. Za a kuma duba irin matsalar da wannan yake haifar wa mai fassara da marubucin ƙamus. Mai karatu na iya cewa ina ruwan ɗalibin Sashen Hausa da ƙafar ƙwaro? Amsa ita ce, sanya wa abu suna aikin harshe ne, kuma ba a gane faɗin ma'anar suna sai an san abubuwan da yake rufewa.

2.0 Matakalar Masana da Kalmomin da Za Mu Yi Aiki da Su

Tsarin da masana ke bi wajen raɗa wa dabbobi suna ya samo tushe daga littafin masanin nan na ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, mai suna Systema Naturae, bugu na goma, na shekarar 1758. A wannan tsari kowace halitta tana da suna mai kalma biyu cikin Latin. Kalma ta farko ta ƙungiyar da halittar ta fito ce, ta biyu kuwa tata ce ita kaɗai. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, domin kuwa haka yake yi idan ya ce farar ƙaya, ko kazar ruwa, ko ɓeran masar, watau suna na gama-gari da kuma abin da zai keɓe shi. Bambancin kawai shi ne masana sun yi wa abin doka, ba a yarda halitta biyu su yi tarayya a cikakken suna ɗaya ba.

A nan ne matsala ta farko take. Matakai biyun nan na ƙasa, watau ƙungiya da kuma ɗaiɗaikun da ke cikinta, ba su da tsayayyun sunaye a Hausa. A rediyo da jaridu za ka ji jinsi, ka ji nau'i, ka ji iri, ana musanya su yadda aka ga dama, har a cikin jumla guda. Kalmar jinsi kuwa tuni malaman nahawu suka riƙe ta don rarrabe namiji da tamace, kuma kowane ɗalibin wannan sashe da wannan ma'ana ya san ta. Idan aka ce "jinsin tsanya", ba za a san ko ana nufin kasancewar kalmar tamace ba ne, ko kuwa ƙungiyar ƙwaron. Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya yi mana aiki babba a fagen harshe da adabi, amma fagen ilmin halittu yana nan yana jiran nasa.

Saboda haka a cikin wannan maƙala na zaɓi in ari kalmomin zumunta, domin tsarin masana na yau a kan dangantakar asali aka gina shi. Mataki na ƙasa duka zan kira shi iri, watau halittun da ke barbara a junansu su haifi masu kama da su. Ire-iren da suka fito daga tsatso guda na kusa zan kira su gida, kamar yadda ake cewa gidan sarauta ko gidan malamai. Gidaje su haɗu su yi reshe, rassa su haɗu su yi dangi, dangogi kuma su yi ƙabila. Ban ce wannan zaɓi ba shi da aibi ba. Manomi yana amfani da iri ga kaura da farafara, alhali a wurin masana duka biyun dawa ce guda. Amma dai ya fi rikicin jinsi sauƙi.

To, a kan wannan matakala, da fara (hwara a bakin Bazamfare) da babe da gyare da tsanya duk ƙabilarsu ɗaya, ana kiranta Orthoptera, kuma ire-iren da aka sani a cikinta sun haura 25,000. Ƙabilar ta rabu biyu. A ɓangare ɗaya akwai fara da 'yan'uwanta, masu gajerun ƙahoni, waɗanda kunnuwansu ke gefen ciki. A ɗaya ɓangaren akwai gyare da tsanya, masu dogayen ƙahoni sirara kamar zare, waɗanda kunnuwansu ke a ƙwaurin ƙafafun gaba. Abin sha'awa, Bahaushe bai taɓa kiran gyare fara ba. Wannan babbar iyaka ya gan ta da idonsa tun kafin a zo masa da littafi.

3.0 Gyare da Tsanyar Gida

Ba za mu daɗe a nan ba, don waɗannan sanannu ne. Gyaren da yara ke tona a jigawa su gasa, masana na kiransa Brachytrupes membranaceus. Tsawonsa kan kai santimita 4 zuwa 5. Yana haƙa rami a ƙasa mai rairayi, zurfinsa kan kai rabin mita ko fiye, ya tara ƙasa a bakinsa. Da dare yake fita ya yanke ɗanyen ganye da sabon tsiro ya ja zuwa rami, shi ya sa masu noman taba da auduga da masara ba sa ƙaunarsa. Sau ɗaya yake hayayyafa a shekara.

Akwai kuma wani baƙi wul, mai tsawon santimita 2 zuwa 3, mai ɗigo biyu ruwan ɗorawa a gindin fukafukai, wanda ake samu a ƙarƙashin duwatsu da tarin kara. Shi ne Gryllus bimaculatus, ma'anar kalma ta biyun kuwa "mai ɗigo biyu". Wannan shi ne wanda ke tsaye a kan iyakar sunayen namu, domin na ji an kira shi gyare, na kuma ji an kira shi tsanya, ya danganta da girman wanda aka kama da kuma wanda aka tambaya. Tsanyar cikin ɗaki kuwa, wadda ke ɓuya a tsagar bango da bayan randa, iri biyu ne suka fi shahara a duniya: Acheta domesticus, da kuma Gryllodes sigillatus, wadda ta fi yawa a ƙasashe masu zafi. Ita ta biyun fara-fara ce mai baƙin zane a gicciye, namijin fukafukansa rabin ciki suke rufewa, tamacen kuwa kusan ba ta da su. Dukkan waɗannan huɗu danginsu ɗaya, watau Gryllidae. Ke nan tsanyar ɗaki 'yar'uwar gyare ce ta kusa, ko da yake sunansu ya bambanta.

4.0 Ƙananan Tsanyar Ƙasa

Yanzu sai mu koma ga mai siririn kukan nan na bakin fadama, wadda ita ce ainihin abin nazarinmu. Mai son ganinta sai ya je inda ƙasa ke da laima, kamar bakin gulbi a Bunguɗu, ko gefen madatsar ruwa ta Gusau, ko gindin duwatsun Kwatarkwashi da na Tsafe inda ruwa ke tsattsafowa da damina ya taru a 'yan kwaruruka. Ya tsuguna ya ɗaga ruɓaɓɓen ganye ko ya buɗa ciyawa. Zai ga wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari masu launin ƙasa ko baƙi-baƙi suna tsalle ta ko'ina. Mafi yawansu ba su kai santimita ɗaya ba, wasu ma ba su fi ƙwayar shinkafa ba.

Kuskuren da kusan kowa ke yi a nan shi ne ɗaukarsu a matsayin 'ya'yan gyare. Kuskuren yana da dalili, domin ɗan gyare, kamar ɗango a wurin fara, yana fitowa daga ƙwai da siffar iyayensa, sai dai ba fukafukai, ya yi ta saɓa yana girma. Amma kama da wane ba ta wane. Hujja mafi sauƙi ita ce kuka. Ƙwaron da bai balaga ba ba ya kuka, domin da fukafukai ake yin sa. Duk ɗan ƙaramin da aka ji yana kuka, to, ya gama girmansa ke nan, ba zai ƙara ko taƙi ba.

Idan aka sa ɗaya a kwalba aka duba da madubin ƙara girman abu, za a ga siffofi uku da suka raba ta da dangin gyare. Akwai gashi mai tauri, baƙi, a miƙe a kanta da kuma a doron wuyanta. A ƙwaurin ƙafar baya akwai ƙayoyi dogaye, uku ko huɗu a kowane gefe, masu gashi, waɗanda kuma suke motsi daga gindinsu, saɓanin na gyare da suke gajeru, kaurara, a kafe. Sa'an nan ga ƙanƙantar jiki. Waɗannan su ne alamomin reshen da masanin ƙasar Suwizalan, Henri de Saussure, ya sa wa suna a 1877, ake kiransa Nemobiinae. (Ɗaliban ilmin harsuna za su so su ji cewa wannan Saussure shi ne mahaifin Ferdinand de Saussure wanda muke karantawa a aji. Uban ya rarraba ƙwari, ɗan ya rarraba alamomin harshe.) Ire-iren da aka sani a wannan reshe sun haura 300, a cikin gidaje fiye da 50, kuma ana samunsu a kowace nahiya ban da ta ƙanƙara.

Tarihin gidajen nan darasi ne ga mai nazarin ma'ana. Gida na farko shi ne Nemobius, wanda Bafaranshe Audinet-Serville ya kafa a ƙarshen shekarun 1830. Sunan daga Girkanci yake, ma'anarsa "mai rayuwa a kurmi", kuma irin da aka fi sani a cikinsa shi ne Nemobius sylvestris na dazuzzukan Turai, mai zama cikin busasshen ganye. Shekaru da dama, duk wata ƙaramar tsanya mai gashi da aka kamo daga Afirka ko Asiya ko Amurka, sai a jefa ta cikin wannan gida. Watau su ma masana sun yi zamani suna yin abin da Bahaushe ke yi da kalmar tsanya. Da gidan ya cika ya batse, sai aka shiga raba shi, kuma aka riƙa yin haka ta hanyar liƙa ɗafa-goshi a jikin tsohon sunan. A farkon ƙarni na 20 aka fitar da Pteronemobius, ɗafin yana nufin fiffike. A 1913 Ba'amurke Morgan Hebard ya kawo Allonemobius (wani daban) da Neonemobius (sabo) da Eunemobius (na ƙwarai) a matsayin ɓangarorin tsohon gida, sai a 1970 Vickery da Johnstone suka ɗaga su suka zama gidaje masu cin gashin kansu. An sami Dianemobius a 1973, da Polionemobius a 1983. Duk wanda ya karanta ƙirar kalma zai ga cewa wannan kumbura ce tsantsa, saiwa ɗaya da ɗafe-ɗafe iri-iri.

A cikin waɗannan gidaje, wanda ya fi shafarmu shi ne Pteronemobius, domin shi ne ya bazu a Afirka da Asiya da kudancin Turai da wasu sassan duniya, kuma wurin zamansa shi ne daidai irin wuraren da aka ambata a sama, watau fadama da bakin tabki da gonar shinkafa. Irinsa da aka fi yi wa rubutu shi ne Pteronemobius heydenii, ɗan baƙi mai tsawon milimita 5 zuwa 7. Wani abin da ke rikitar da mai tattarawa shi ne, a cikin iri guda ana samun masu gajerun fukafukai da ba sa tashi, da kuma masu dogayen fukafukan ciki da ke leƙowa ta baya kamar wutsiya. Masu dogayen su ne ke tashi da dare su nemi sabon wuri idan na da ya bushe ko ruwa ya ci shi, kuma su ne ke faɗowa gindin fitilar mai shayi da damina. Mutum zai rantse iri biyu ne, nan kuwa uwa ɗaya ce ta saka ƙwansu.

Gidajen Allonemobius da Eunemobius da Neonemobius na nahiyar Amurka ne, ba namu ba, amma a kansu aka fi yin bincike, kuma daga can aka fahimci amfanin wata ƙaya ta musamman da ke ƙwaurin namiji. A gidan Allonemobius, yayin barbara, tamace takan ciji kan wannan ƙaya ta tsotsi ruwan jikin namijin, kamar dai wani toshi da yake biya da jininsa. Mazan gidan Pteronemobius su ma suna da irin wannan gajeruwar ƙaya mai kumburin gindi, kuma tana cikin alamomin da ake gane gidan da su.

Akwai wani reshe maƙwabci wanda dole a ambata, domin shi ma a fadama ake cin karo da shi, watau Trigonidiinae. Su ma ƙanana ne, sai dai sun fi son hawa ganye da karan ciyawa bisa zama a ƙasa, kuma tsinken da tamace ke saka ƙwai da shi a lanƙwashe yake kamar takobi. Daga cikinsu akwai Trigonidium cicindeloides, wanda ake samu a Afirka da kudancin Turai da Asiya, baƙi mai sheƙi da jajayen ƙafafun baya, wanda in ba a lura ba sai a ɗauka ɗan buzuzu ne. Da can, rassan nan biyu a cikin dangin gyare ake lissafa su. Amma binciken ƙwayoyin gado, musamman wanda Chintauan-Marquier da Desutter-Grandcolas da abokan aikinsu suka buga a 2016, ya ƙarfafa ware su a dangi na kansu mai suna Trigonidiidae, kuma haka ake lissafa su yanzu.

Sakamakon wannan ga harshenmu ba ƙarami ba ne. Tsanyar ɗaki ta fi kusa da gyare bisa yadda take kusa da tsanyar fadama. Bahaushe ya ja layinsa ne bisa girman jiki da kuma ko abin yana ciyuwa, masana kuwa suka ja nasu bisa asali, sai layukan biyu suka gitta juna. Wannan ba ya nufin Bahaushe ya yi kuskure. Tambayar da ya yi daban ce, don haka ya sami amsa daban. Kuskuren yana wurin mai fassarar da zai ɗauka cewa gyare da tsanya sunayen ire-ire biyu ne na kimiyya.

5.0 Kuka a Matsayin Shaida

Bahaushe ya ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Maganar ta fi dacewa da tsanya bisa tsuntsu, domin tsuntsaye da yawa koyon kuka suke yi daga iyaye, ita kuwa tsanya da nata ake ƙyanƙyashe ta.

Da farko, ba da baki ake yin kukan ba. A ƙarƙashin fiffiken sama guda akwai wata jijiya mai jerin ƙananan haƙora kamar zarto, a gefen ɗaya fiffiken kuma akwai kaifi. Sai a ɗaga fukafukan biyu a riƙa goga kaifin a kan zarton, fatar fiffiken tana amsawa kamar fatar kalangu. Na biyu, namiji ne kaɗai ke yin sa, don kiran tamace ko korar kishiya. Nan nahawu ya yi mana wasa: kalmar tsanya tamace ce, don haka muke cewa "tsanya tana kuka", alhali mai kukan namiji ne a kullum. Na taɓa jin wani yaro a Bunguɗu yana gaya wa ƙanensa cewa tsanya matar gyare ce. Ba daga gona ya samo wannan ba, daga "ce" da "ne" ya samo shi.

Kukan gyaren Gryllus bimaculatus yana da kaɗawa wajen 4,000 zuwa 5,000 a daƙiƙa, kuma a yanke yake zuwa. Na ƙananan tsanyar ƙasa kuwa yakan haura 6,000, ga shi siriri, sau da yawa a jere ba hutu. Tun da kunnen ɗan Adam siraran sautuka yake fara rasawa in an manyanta, ba abin mamaki ba ne jika ya ji abin da kakansa bai ji ba a fadama guda. Zafi ma yana da hannu: in dare ya yi ɗumi kukan ya yi sauri, in sanyi ya sauka ya yi nauyi. Tun a 1897 Amos Dolbear ya nuna cewa ana iya ƙiyasta zafin iska ta hanyar ƙidaya kukan tsanya.

Muhimmin abu dai shi ne, kowane iri da salon kukansa, kuma tamace ba ta amsa sai na irinta. A 1931 B. B. Fulton ya nuna cewa ƙananan tsanyar ƙasa na gabashin Amurka da ake ɗauka abu guda ne, suna da kuka daban-daban da wurin zama daban-daban, daga baya kuma aka tabbatar ire-ire ne masu zaman kansu. A tsibiran Hawayi akwai gidan Laupala, na reshen Trigonidiinae, mai ire-ire 38 waɗanda ido ba ya iya rabawa sai kunne, domin saurin kukansu ne ya bambanta. Saboda haka a yau ba a yanke hukunci a kan irin ƙaramar tsanya sai an haɗa abu biyu, watau duba al'aurar namiji a ƙarƙashin madubi, da kuma auna kukansa. Ga ɗalibin da ya karanta ilmin furuci, wannan ba sabon fage ba ne, na'urar da ke zana sautin wasali ita ce ke zana kukan tsanya.

6.0 Gona da Ƙamus

Wani zai ce, to, in an san duk wannan me aka ƙaru da shi? Bari mu fara da gona. Gyare maɓarnaci ne, wannan ba gardama. Ƙananan tsanyar ƙasa kuwa abincinsu ruɓaɓɓen ganye ne da gansakuka da gawar ƙananan ƙwari, su kuma abinci ne ga kwaɗi da ƙadangaru da 'yan tsakin zabi. Wasu 'yan reshen Trigonidiinae ma taimakon manomi suke yi. Masu bincike a Cibiyar Binciken Shinkafa ta Duniya da ke Los Baños a ƙasar Filifin sun nuna cewa Metioche vittaticollis da Anaxipha longipennis suna cinye ƙwan tsutsar da ke naɗe ganyen shinkafa. To, idan malamin gona ya tashi faɗakarwa a rediyo da Hausa, ya fassara takardar da aka ba shi ya ce tsanya na yanke shuka, alhali gyare ake nufi, manomin shinkafa a fadamar Bunguɗu zai duba gonarsa ya ga tsanya fululu, ya sayo magani ya yi feshi. Ya yi asarar kuɗi, ya gurɓata ruwan da ake sha a ƙasa da shi, ya kuma kashe abin da bai ci masa komai ba. Kalma ɗaya ce ta jawo.

Dangane da ƙamus kuwa, tun daga na Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 har zuwa na baya-bayan nan, al'adar ƙamus mai harshe biyu ita ce a ajiye kalmar Turanci a gaban ta Hausa a wuce, kuma Turanci kalma ɗaya yake da ita ga gyare da tsanya baki ɗaya. Tsirrai sun yi sa'a, domin tun a 1916 J. M. Dalziel ya fitar da littafinsa na sunayen tsirrai na Hausa haɗe da na Latin. Ƙwari ba su sami irin wannan gata ba. Masanan da suka tattara ƙwarin ƙasashenmu sun yi nasu aikin: Lucien Chopard, wanda ya shafe rayuwarsa a kan wannan ƙabila har ya rasu a 1971, ya je ƙasar Azbin tare da André Villiers a 1947, aka buga sakamakon tafiyar a 1950, kuma J. T. Medler ya fitar da jerin ƙwarin Nijeriya a 1980. Amma su sunan Latin suke nema, abin da mutanen wurin ke kiran ƙwaron bai dame su ba. Mu kuma mun riƙe sunan Hausa ba mu riƙe ƙwaron ba.

A ganina haɗa waɗannan biyu aikin ɗalibin Hausa ne, kuma ba ya bukatar kayan tsada. Tocila da kwalba mai ɗan sifirit da wayar hannu mai ɗaukar sauti sun isa. A ɗauki kukan kafin a kama ƙwaron, a rubuta wuri da rana da lokaci da irin ƙasar, ko fadama ce ko jigawa ko gindin dutse. Sa'an nan a nuna shi ga mutanen wurin, tsofaffi da mata da yara masu kiwo, a rubuta abin da kowa ya kira shi da irin lafazinsa, kada a gyara masa zuwa Kananci. Yara masu kiwo sun fi kowa sanin waɗannan abubuwa, kuma su ne ba a cika tambaya ba. Daga nan sai a kai kwalbar wurin masu ilmin halittu, ko a Jami'ar Tarayya ta Gusau wadda aka kafa a 2013, ko a ɗakin ajiyar ƙwari na Samaru a Zariya, su faɗi gida, in ya yiwu su faɗi iri.

Ba a ɓoye yake ba cewa rashin tsaron da ya addabi ƙauyukan Zamfara tun wajen 2011 ya sa fita daji da dare ya zama kasada, kuma ba wanda zai shawarci ɗalibi ya sayar da ransa saboda ƙwaro. Sai dai masu dogayen fukafukan nan da aka yi bayani a baya da kansu suke zuwa gindin fitila a cikin gari daga watan Yuli zuwa Satumba, kuma lambunan bakin gulbi na cikin Gusau suna da laima har cikin rani, ana iya zuwa da hantsi a ɗaga ganye. Wata asarar ce ta fi gaggawa: mutanen da rikici ya taso daga ƙauyuka zuwa Gusau da Tsafe sun zo da sunayen ƙwari da na ciyayi a bakinsu, 'ya'yansu kuwa a gari suke tashi, inda ba a tonon gyare. Su ya kamata a fara zama da su da littafi da alƙalami.

Kafin a kai ga haka, ina ba da shawarar a riƙa amfani da hanyar da harshen ya riga ya tanada, watau suna da abin da zai keɓe shi. A bar gyare ga Brachytrupes, a ce baƙin gyare ga Gryllus bimaculatus, tsanyar ɗaki ga Acheta da Gryllodes, tsanyar ƙasa ga reshen Nemobiinae, tsanyar ganye kuma ga reshen Trigonidiinae. Duk inda aka tarar mutanen wani gari suna da nasu sunan na gado ga ɗaya daga cikin waɗannan, sai a ajiye ƙirƙirarren a ɗauki nasu.